Kunya Biyu a Goshin Iya

Ko da zan manta da ranar aurena, ba na jin zan manta da damunar da goshin mahaifiyata ya yi sumul. Shekaru sun ja, yarinyar da aka yi abin dominta yanzu har ta iya ɗora tukunya, amma har yau ina tuna abin kamar jiya aka yi.

Sai na fara gaya muku yadda muke da ita, in ba haka ba labarin ba zai shige ku ba. Ni ce 'yar farinta. Duk wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da wannan ke nufi. Tun da ta haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa zama ta yi hira da ni ba, in na shigo ɗaki sai ta tuna tana da aiki a tsakar gida. A hannun kakata na tashi, gida ɗaya da ita amma sai ka ce maƙwabta. In tana nemana sai ta ce wa ƙannena, "Ku kira mini waccan." Mu kuma Iya muke ce mata. Yaran yanzu in na ba su wannan labari sai su riƙe baki su ce ai wannan ƙiyayya ce. Ba ƙiyayya ba ce, kunyar ɗan fari ce, kuma ni ban taɓa kwana da shakkar tana sona ba, don akwai inda nake karanta abin da bakinta ya ƙi faɗa.

Iya bandar kifi take yi a wani ƙauye gaba da Guri. Tun tana amarya take tsugune a gaban hayaƙi, in ta tashi kuma ta tafi bakin ruwa ta tari masunta, rana na dukan ruwa tana dawowa cikin idonta. Wannan ya sa wasu layuka biyu masu zurfi suka zauna mata a tsakanin gira, wasu kuma suka gitta goshin. Marigayi mahaifinmu, da yake mai tsokana ne, shi ya raɗa musu suna. Yakan ce, "Wannan kunya biyu ta goshinki, da za a zuba iri ai da mun ci gero." Kunya irin ta gona yake nufi, wadda ake ja da garma. Sai ta harare shi, kunyar ta ƙara tashi, shi kuma ya yi ta dariya.

To, da waɗannan layuka muke magana ni da ita. In na yi ba daidai ba sai su haɗe, in na yi abin kirki sai su ɗan saki. Ranar da aka ce na ci jarrabawar shiga makarantar horon malamai ba ta ce uffan ba, tana ta juya kifi a kan wayar banda, amma na ga goshin ya buɗe, na koma ɗaki na yi rawa ni kaɗai. Ranar da za a kai ni gidan miji a Haɗejiya ba ta yi kuka ba, amma yadda layukan nan suka nutse na san kukan a ciki ake yin sa.

Da na haihu, maigidana ya mayar wa yarinyar sunan Iya. Kunya ta hana uwa wasa da ɗan fari, amma ba ta hana ta wasa da jika ba, saboda haka duk abin da Iya ta tara ba ta ba ni ba, sai ta juye wa wannan yarinya. Takwara take ce mata. Ta goya ta, ta yi mata waƙa, ta tauna mata abinci. Duk lokacin da ta kawo kifi kasuwar Haɗejiya sai ta ware mafi girma ta aiko gidana da saƙon cewa na takwararta ne, kada wani ya taɓa. Ni ce wanin, kuma na san rabin kifin nawa ne.

Da yarinyar ta kai wajen shekara huɗu muka je gida yawon babbar salla. Iya ta miƙa hannu ta ce, "Zo nan, takwara, in ga ko kin yi nauyi." Sai yarinyar ta noƙe, ta ɓuya a bayan zanena. Aka yi lallashi, ta ƙi. Da aka matsa mata sai ta leƙo ta ce, "Iya fushi take yi da ni." Aka ce ina fushin? Ta nuna da yatsa ta ce, "Ga shi nan a goshinta." Gidan ya ɗauki dariya, har da Iya. Na dai ga ta kai hannu ta shafa tsakanin girarta, amma ban ɗauki abin a bakin komai ba. Har muka baro ƙauyen yarinyar ba ta yarda ta hau cinyarta ba.

Damunar shekarar ta zo da ruwa mai yawa. Kogi ya tumbatsa, ya cinye gonakin shinkafa, ya yanke hanyar ƙauyenmu, sai a kwale-kwale ake shiga da fita. Duk da haka Iya ta fito da kifinta, ta haɗa da wani bikin dangi da ake yi a cikin gari. A gidan ƙanwarta ta sauka, don ko sama da ƙasa za su haɗu ba za ta kwana a gidan suruki ba. Ta biyo ta ƙofar gidana ina makaranta, ta ba da kifin takwararta, ta wuce. Ban sa ta a ido ba.

Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, ƙanena ya kira ni a waya. Ko gaisawa ba mu yi ba ya ce, "Yaya, ki zo. Fuskar Iya ta canza." Na ce ta canza yaya? Ya ce, "Ni dai ki zo. Kuma ta ce a zo mata da takwararta." Na fito na zauna a bakin barandar ajin da nake koyarwa. Mahaifinmu shanyewar ɓarin jiki ce ta tafi da shi, kuma daga fuska ta fara. Da safe bakinsa ya karkace, kafin mako ya zagayo mun kai shi makwancinsa. Maigidana ya yi tafiya a lokacin, saboda haka na saɓi yarinyar muka shiga motar Guri, daga can muka hau kwale-kwale.

Ni 'yar bakin ruwa ce amma ranar na ji tsoron ruwa. Mai jirgin yana ta kutsawa cikin kacala, doguwar ciyawar nan da ta cinye mana fadama, ba ka ganin komai sai ita da sama. Ta ƙarƙashinmu kuwa gonakin mutane ne, kan dawa na leƙowa. Duk addu'ar da na iya na yi ta, wadda na manta ƙarshenta na koma farko. Abu ɗaya nake roƙo, in same ta da rai.

Na same ta da rai, zaune a kan tabarma a rumfar tsakar gida, mata sun kewaye ta. Na durƙusa daga nesa yadda na saba, na gaishe ta, na ɗaga ido don in duba goshin in san yadda take ji. Sai na ga babu komai a wurin. Layukan nan biyu da na tashi ina karantawa sun ɓace, na gicciyen ma sun ɓace, fatar ta yi sumul tana sheƙi kamar bayan sabuwar ƙwarya. Fatar idanunta kuma ta zubo ta rufe fiye da rabin ƙwayar, sai ta ɗaga haɓa sama sannan take ganin mutum. Bakinta bai karkace ba, hannuwanta na motsi. Amma wallahi da na tarar da bakin ne a karkace da ban firgita haka ba, don wannan na san shi. Wannan kuwa fuskar uwata ce aka goge, ban san ko ciwo take ji ba, ko tsoro, ko fushi, ko ta ma gane ni.

Ta buɗe baki, muryar ta fito ta hanci, a daƙile. "Ina takwarata?" Na jawo yarinyar na tura ta gaba. Ta tsaya ta dubi fuskar, ta sake duba, sai ta ƙwala ihu ta ruƙunƙume ni tana cewa, "Wannan ba Iya ba ce! Umma mu tafi, ba Iya ba ce!" Iya ta janye hannun da ta miƙa ta ɗora a cinya.

Matan gidan kowa da tata. Wata ta ce iskar bakin ruwa ce, tunda ruwa ya tashi masu shi ma sun tashi. Wata ta ce baki ne, kifinta ya cika yin kasuwa. An yi hayaƙi, an karɓo rubutu. A gabana aka miƙa mata kofin rubutun, ta kurɓa, sai ta ƙware, ruwan ya dawo ta hanci, ta yi ta tari har jikinta na rawa. Matar ƙanena ta raɗa mini cewa tun jiya ko kunu ba ya wucewa sai da ƙyar, kuma tana cewa mutum ɗaya biyu take ganin sa. Na ce a nemo jirgi, asibiti za mu. Iya ta juya wajen ƙanena ta ce, "Ku bar ni. Abin da na jawo ne." Na ɗauka zafin ciwo ne ke sa ta sambatu. Ranar na yi abin da ban taɓa yi ba, na matsa har gabanta, na dube ta ido cikin ido na ce, "Iya, tashi za ki yi." Ta tashi.

A cikin jirgin ta kasa zama, sai muka kwantar da ita, kanta a cinyata. Tun da na yi wayo ban taɓa taɓa kan uwata ba sai ranar. Yawu na taruwa a bakinta ba ta iya haɗiyewa, ina sharewa da gefen mayafina. Idona na kan ƙirjinta, in ya ɗaga in saki numfashina, in ya jinkirta in ji kamar ni aka shaƙe. Mai jirgin, wani dattijo da ya san ta tun tana budurwa, yana ta danna gora har jijiyoyin wuyansa sun fito. Yarinyar ta maƙale a jikin kawunta, ta juya mana baya.

Wajen la'asar muka isa asibiti a Haɗejiya. Likitan da ya karɓe mu mutum ne mai natsuwa, ba ya gaggawar magana. Ya ce ta ɗaga hannuwa, ta ɗaga duka biyun. Ya ce ta matse yatsunsa, ta matse. Ya ce, "Baba, ɗaga mini girarki sama." Ta yi ƙoƙari, na ga tana yi, amma ko gashi ɗaya bai motsa ba. Ya ce ta ɓata rai, nan ma shiru. Ya daɗe yana kallon goshin. Na ce, "Likita, irin na mahaifinmu ne ko?" Ya ce, "Ba na jin shi ne. Wancan ɓari ɗaya yake kamawa, kuma yawanci yakan bar goshi yana motsi. Wannan duka biyun ne."

Na fara hamdala, sai na ga shi bai saki fuska ba. Ya tambaya ko maciji ya sare ta, tunda ambaliya na koro su cikin gidaje. Aka duba ƙafafu da hannuwa, babu ko ƙwarzane. Ya dube ta ya ce, "Baba, kin sha wani magani kwanan nan? Ko an yi miki allura?" Iya ta juya fuskarta bango. Ni kuma da karambanina na karɓe zancen na ce, "Allura? Ai Iya ko ciwon kai take yi sai dai ta ɗaure kan da tsumma. Ba ta yarda da allura ba." Ya ce to me take ci, mece ce sana'arta? Ƙanena ya ce bandar kifi.

Sai likitan ya ajiye abin rubutunsa. Ya yi mana bayani a hankali cewa akwai wata guba da kan taso a cikin kifi ko nama in ajiyarsa ta ɓaci, ba lallai a ji wari ba. Ya ce tana sakar da jijiyoyin jiki ne daga sama zuwa ƙasa, ta fara da ido, ta sauko maƙogwaro. Na ce daga maƙogwaro fa? Ya ce, "Ƙirji. In ta kai nan, mutum ba ya iya jan numfashi da kansa." Sannan ya tambaya, "Wa da wa suka ci kifin da ta yi na ƙarshe?"

Ban san lokacin da na miƙe ba. Kifin da ta ajiye mini a ƙofar gida, na takwara, wanda aka ce kada wani ya taɓa. Kwana da kwanaki shi nake marmasa wa yarinyar a miya, har a safiyar ranar da shi ta karya. Na waiwaya, sai na gan ta a kafaɗar kawunta, idanunta na lumshewa. Yanzu na san gajiyar mota da jirgi ce, barci take ji, amma a lokacin fatar ido kawai na gani tana zubowa. Na fizge ta ina jijjigawa, ina buɗe idon da yatsa, ina cewa ta kalle ni, ta haɗiyi yawu in gani. Yarinya ta tsorata ta fashe da kuka. Likita na cewa in natsu, za a kwantar da ita ita ma a sa mata ido, ma'aikaciyar jinya ta zo za ta karɓe ta, ni kuma na ƙanƙame ta ina salati da ƙarfi. Uwata a kan gado, 'yata a hannu, kuma a tunanina da hannuna na ɗura mata abin. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokaci ba, kuma ba na fatan ko maƙiyina ya ji shi.

Cikin wannan hayaniya muka ji muryar nan ta hanci. "Takwara." Muka juya. Iya ta juyo daga bango, ta sa yatsa ta ɗage fatar idonta ɗaya don ta ga yarinyar. Ba ni take kallo ba, ba kuma likita ba. Ta ce, "Takwara, ki gaya wa uwarki ta bar kuka. Kifina ba shi da laifi." Ta tsaya ta huta, don kowace kalma da ƙyar take fita. "Ki ce mata allura aka yi mini. A goshi."

Yarinyar ta tsaya da kukan. Haka Iya ta ba da labarin gaba ɗaya, guntu-guntu, tana fuskantar yarinya 'yar shekara huɗu da ba ta san me ake cewa ba. A gidan bikin nan ne. An ɗauko wata mai lalle da gyaran jiki daga Kano, ta zo da wani ɗan fulas na ƙanƙara da ƙananan kwalabe a ciki. Tana shigar da mata ƙuryar ɗaki ɗaya bayan ɗaya, tana tsira musu allura a goshi, wai tana goge tamoji fuska ta koma ta yarinya. Iya ta zauna tana kallon masu shiga da fita har aka watse, sannan ta lallaɓa ta shiga ba wanda ya gani. Matar ta dubi goshin ta ce irin wannan mai zurfi sai an ninka. Iya ta ce ta ninka.

"Ki ce mata," in ji Iya, "ba don wani ɗa namiji na yi ba. Mijina na kabari." Ta sake hutawa, yatsan na riƙe da fatar idon. "Don ki daina guduna ne, takwara. Kin ce ina fushi. Ni ban taɓa fushi da ke ba."

Na sulale na zauna a ƙasan asibitin nan. A lokacin na gane me ya sa ta juya bango da aka tambaye ta. Tsohuwa mai jikoki, a ce ta je an yi mata allurar gyaran fuska, kuma ta faɗa da bakinta a gaban 'yar farinta da ko sunanta ba ta iya kira? Iya ta gwammace ta mutu da abin a cikinta. Ta ji ruwa ya ƙi wucewa ta yi shiru, ta ji an ambaci ƙirji da numfashi ta yi shiru. Sai da ta ji kukana a kan 'yata sannan ta nemi hanyar da za ta yi magana ba tare da ta yi da ni ba.

Allah ya saka wa likitan nan, ko murmushi bai yi ba. Ya ce, "Baba, kin kyauta da kika faɗa." Ya gaya mana cewa allurar gaskiya ce akwai ta, kuma dangin gubar nan ce da ya yi zargi, sai dai likitocin da suka koyi aikin ɗan mitsitsi suke aunawa su sa a inda ya dace. Wanda ke cikin fulas ɗin matar kuwa, ba wanda ya san daga ina ya fito, ko nawa ta ɗura. Ya ce yarinyar a kai ta gida ta yi barcinta. Iya kuma ya ce Kano za a wuce da ita yanzu, inda akwai na'urar taimaka wa numfashi, ko da abin zai sauko.

Makonnin da muka yi a Kano ba na son tuna su. An sa mata roba ta hanci, ta nan ake ba ta abinci. Kullum da safe sai a zo a auna ƙarfin numfashinta, ni kuma in tsaya ina kallon bakin mai aunawar. Akwai ranar da aka ce ya ragu, aka jawo na'urar kusa da gadon, na fita baranda na kifa kaina a bango. Cikin ikon Allah abin ya tsaya a maƙogwaro, bai kama ƙirjin ba. Mai allurar kuwa an nemi lambarta a wajen masu biki, aka kira, wayar a kashe, har yau. Daga baya muka ji akwai wata matar da idonta ɗaya ya rufe, ita ma ta ɓoye ta ce ciwon ido ne.

A can ne na ji ragowar zancen, shi ma ba da ni aka yi ba, da wata tsohuwa mai jinya a gadon kusa aka yi ina jin su. Ashe mai allurar ta ce wa Iya kada ta sunkuyar da kai sai bayan magariba. Iya ta fito, aka kira la'asar, ta yi alwala ta yi sallarta, ta kai goshin ƙasa yadda ta saba, don ba ta ga allurar da za ta hana ta sujada ba. Da idon ya fara zubowa sai ta yanke wa kanta hukunci cewa horo ne, ta taɓa wurin da take kai wa Ubangiji ƙasa. Abin da take nufi ke nan da ta ce abin da ta jawo ne. Na tambayi likitan can, ya ce ba sujada ce ta kai abin maƙogwaro ba, abin da aka ɗura mata ne. Na dawo na faɗa wa tsohuwar gadon kusa da ƙarfi, yadda Iya za ta ji.

Sauƙin a hankali ya zo. Haɗiya ta fara dawowa, sai murya, sai idanu suka buɗe. Goshin ne ya ƙi. Muka koma gida, ruwa ya janye, aka yi girbin abin da ya tsira, Iya ta koma gaban hayaƙinta, amma fuskar na nan sumul. Mutane na cewa ta koma yarinya, ni kuwa in na dube ta sai in ji kamar na yi sallama a gidan da ba kowa. Yarinyar ta daina ihu in ta gan ta, amma daga nesa take tsayawa.

Jinya ta sa na saba da zama kusa da ita, har na manta da ƙa'ida. Wata ranar Juma'a, watanni bayan haka, muka je ƙauyen. Tsakar gida cike da mata ana gyaran kifi. Na shigo, ban durƙusa daga nesa ba, na wuce kai tsaye na zauna a kan tabarmarta, kafaɗata na gogar tata, har na kai hannu ina gyara mata ɗankwali. Ta juyo ta dube ni. Sai na ga tsakanin girar nan ya motsa, fatar ta tattaro, layuka biyu suka fito, ba su kai zurfin da ba amma su ne. Harara ce sosai, irin wadda da can take sa in nemi wurin ɓuya. Na daka tsalle ina cewa, "Sun dawo! Wallahi sun dawo!" Ina dariya hawaye na zuba, mata suka saki wuƙaƙe suna kallona kamar na zautu.

Yarinyar ta taho a hankali ta tsaya a gaban kakarta. Ta leƙa fuskar, ta sa ɗan yatsanta a cikin layin ɗaya ta bi shi har ƙasa. Sai ta juyo ta ce mini, "Umma, Iya ta dawo." Ta haye cinyar ta zauna, ba wanda ya ce ta hau. Iya ta rungume ta. Can ta share ido da bakin zane ta ce, "Takwara, ki ce wa uwarki ta tashi mini daga tabarma, mutane na kallo." Na tashi, na koma can nesa inda na saba, na durƙusa na gaishe ta.

Abin da wannan damuna ta koya mini ba shi da yawa, amma ya zauna. Kunya ado ce, ban ce a yar da ita ba, sai dai a ƙofar likita a tuɓe ta a ajiye kamar takalmi, don saura ƙiris ta kai uwata kabari. Duk kuma mai son a taɓa fuskarta da allura, ta nemi wanda ya koyi aikin, a inda in abu ya ɓaci za a same shi, ba ƙuryar ɗakin biki ba. Na ukun shi ya fi tsaya mini a rai. Ranar da yaro ya nuna fuskar tsoho ya ce fushi ce, kada a yi dariya a wuce. A zaunar da shi a gaya masa hayaƙi ne, rana ce, shekarun da aka yi ana nema masa abin da zai ci ne.

Kwanan baya ina duba littattafan 'yan ajina, takwarar Iya ta tsaya a kaina ta ce, "Umma, kin fara yin kunya biyu irin ta Iya." Na ɗauki madubi na duba, ga su nan kuwa sun fara tsirowa. Ta ce, "Ko in sayo miki man shafawa?" Na ce ta bar mini kayana. Ita ma 'yar fari ce, akwai abubuwan da bakina ba zai iya gaya mata ba, gara ta sami inda za ta karanta.